Karma, Alhaki da Alheri: Tarken Wata Da'awa da Ta Shigo Zaurukan Gaya da Ajingi

Gabatarwa

Asalin wannan maƙala wata hira ce da na tarar a zauren wani yayana a garin Gaya, a ƙarshen wata damina da ruwa ya yi ɓarna a wasu ƙauyukan Ajingi. Cikin waɗanda ɓarnar ta shafa akwai wani ɗan kasuwar hatsi da jama'a suka daɗe suna zarginsa da ɓoye gero har sai ya yi tsada. Ruwa ya shiga ma'ajiyarsa, buhuna suka ruɓe. Wani saurayi da ke zaune a bakin ƙofa, idonsa na kan waya, ya ce, "Karma ce ta kama shi." Wani malamin makarantar sakandare, Bahaushe Kirista da ya daɗe yana koyarwa a yankin, ya ce ai su ma suna da ita a Littafinsu, domin Bulus ya yi maganar shuka da girbi. Mai gidan, wanda ya girme mu duka, ya yi dariya ya ce, "Ku dai da son baƙin kalmomi. Wannan ai alhaki ne, tun kaka da kakanni muka san shi." Aka kusa tashi a kan cewa abu ɗaya ne mai suna uku.

Sai na ce, "Yaya, an gaya mini ruwan da ya shiga ma'ajiyar Alhaji shi ne ya rushe ɗakin wata mata mai marayu huɗu a bayan gidansa. Ita kuma alhakin wa ta ɗauka?" Ba wanda ya amsa, aka koma zancen farashin taki.

Da'awar da zan yi wa tarke ita ce wadda malamin nan ya furta, wato cewa karma tana da gurbi a aƙidar Kirista. Zan auna ta da ma'aunin ma'abotanta: abin da Hindu suke nufi da kalmarsu, da abin da Kiristoci suka rubuta a littattafansu. Ƙa'idar ilimin kwatanta addinai ke nan tun zamanin magabatanmu, a hakaito wa kowa maganarsa yadda shi da kansa zai yarda cewa tasa ce.

Kalmar a gidan ubanta

Karma kalma ce ta Sanskirit, tsohon harshen addini na ƙasar Indiya, ma'anarta ta lugga kuwa ita ce aiki. A littattafan Veda ana nufin aikin hadaya da ita, wanda in an yi shi bisa ƙa'ida tilas ya haifar da sakamakonsa. A littattafan Upanishad, waɗanda mafi tsufansu sun girmi zamanin Annabi Isa (AS) da ƙarnoni da dama, ma'anar ta faɗaɗa ta game kowane aiki na kirki ko na tsiya, aka kuma ɗaure ta da aƙidar samsara, wato zagayen haihuwa da mutuwa. Littafin Chandogya bai ɓoye komai ba: mai kyakkyawan hali za a sake haihuwarsa a gidan daraja, mai mugun hali kuwa a jikin kare ko alade, ko a cikin ƙasƙantaccen jinsin da ake ƙyamar taɓawa. Malamansu na baya sun kasa ta uku, kuma manomin Kademi zai gane kason da sauri: akwai hatsin da ke jibge a rumbu daga rayuwoyin da suka shuɗe, akwai wanda aka ɗebo ake ci a wannan rayuwa, akwai wanda ake shukawa yanzu don gaba.

Ba bakinsu ɗaya ba a kan bayaninta. Buda ya mayar da ita ga niyya. Mabiya addinin Jain suna ganin ta a matsayin wata ƙura mai laushi da ke manne wa rai tana yi masa nauyi. Mazhabar Mimamsa ta ce aiki da kansa yake haifar da sakamako ba tare da buƙatar wani abin bauta ba, ita kuwa Vedanta ta ce Ubangiji ne yake rabawa, amma gwargwadon aikin. Abin da ya haɗa su shi ne komawar rai ko abin da ya maye gurbin rai, da kuma cewa aikin kirki ma ɗauri ne, domin yana jawo wata haihuwar. Burin mai addini shi ne ya fice daga zagayen gaba ɗaya.

Abu Raihan Albiruni, a littafinsa Tahƙiƙu Ma Lil-Hind da ya kammala a wajajen shekarar 1030 Miladiyya, ya lura da cewa kamar yadda kalmar shahada take alamar Musulmi, tasalisi alamar Nasara, Asabar alamar Yahudu, haka tanasuhi, wato ƙaurar rai daga jiki zuwa jiki, yake alamar Hindu. Shekara kusan dubu ke nan da wani malaminmu ya ajiye Kiristanci a gefe guda, tanasuhi a wani gefen. Dalilin da ya sa karma ba ta rabuwa da tanasuhi a bayyane yake: a rayuwa ɗaya lissafi ba ya cika. Azzalumi yana mutuwa a kan katifa, jariri yana zuwa duniya makaho. In har kowace wahala sakamakon aikin mai ita ce, to dole a samo wa jaririn wata rayuwa da ya yi laifin a cikinta. Wannan ne ya sa masanin zamantakewar nan na Jamus, Max Weber, ya ɗauke ta a matsayin mafi cikar amsa da hankalin ɗan Adam ya tsara ga matsalar wahalar marar laifi. Mu ma a tarihinmu an taɓa faɗawa wannan rami ta wannan ƙofa: Ahmad ɗan Habiɗ, almajirin Nazzam Bamu'utazile, ya rungumi tanasuhi ne domin ya kare adalcin Allah game da ciwon yara da dabbobi, malaman firƙoƙi irin su Ibnu Hazam da Shaharastani suka hakaito maganarsa a cikin ɓatattun ra'ayoyi.

Yadda ta iso mana

Ta hanya biyu kalmar ta shigo ƙasar Hausa. Ta farko finafinan Indiya, waɗanda muke kallo tun shekarun 1950. Wanda ya kalli Karz na 1980 ko Karan Arjun na 1995 ya ga labarin wanda aka kashe bisa zalunci ya dawo a sabon jiki ya ɗau fansa, kuma fassarar Indiya-Hausa ta kai irin waɗannan labarai har wayoyin ƙauye. Abin lura shi ne mai kallo Bahaushe bai taɓa ɗaukar dawowar da muhimmanci ba, ya bar ta a matsayin almarar fim. Hanya ta biyu ita ce Turanci. Ƙungiyar Tiyosofi da Helena Blavatsky da Henry Olcott suka kafa a birnin Niyok a 1875 ita ce ta fi kowa yaɗa kalmar a Turai da Amurka, daga nan ta gangaro cikin waƙoƙi da hirar yau da kullum, tana zubar da kayanta a hanya, har ta zama ba ta nufin komai sai sakayya ta gaggawa da mutum zai gani da idonsa a kan wanda yake jin haushi. Wannan ragowar ce Facebook da TikTok suka kawo wa saurayin da ke bakin ƙofa.

Mutanen Gaya sun ga yadda take aiki a siyasa. A 2019 aka ɗaga Gaya ta zama masarauta mai cin gashin kanta, a watan Maris na 2020 aka tuɓe Sarkin Kano, a watan Mayun 2024 aka rushe sababbin masarautun aka mayar da shi, a watan Yuli kuma aka dawo da ta Gaya da daraja ta biyu, ta ƙunshi Gaya da Ajingi da Albasu. Ba hurumina ba ne in ce wane ya yi daidai. Abin da na lura da shi kawai shi ne a kowane juyi ɓangaren da ya ji daɗi yakan rubuta cewa karma ce, bayan 'yan shekaru ko 'yan makonni ɗaya ɓangaren ya karɓi kalmar ya mayar masa. Kalmar da kowa ke harbin abokin hamayyarsa da ita bi da bi ba ta bayyana wata doka ta halitta, tana bayyana abin da ke zuciyar mai furta ta ne.

Maganar yayana kuwa, cewa alhaki ne, tana da rabin gaskiya. Alhaki daga Larabci yake, daga alhaƙƙu, don haka tun a tushensa yana ɗauke da mutum uku: wanda ya ci, wanda aka ci wa, da Alƙalin da ake kai wa ƙara da "Allah ya isa". Saboda akwai mai haƙƙi, akwai mai ikon cewa "na yafe", kuma da ya faɗa magana ta mutu. Shi ya sa maniyyaci yake zaga dangi neman gafara kafin ya tafi, shi ya sa ake roƙa wa mamaci yafiya a gaban makara. A littafin Balaraba Ramat Yakubu na 1990, Alhaki Kuykuyo Ne, wutar kasuwa ta cinye dukiyar Alhaji Abdu bayan ya wulaƙanta Rabi da 'ya'yanta, amma duk a rayuwa ɗaya, a gari ɗaya, kuma a ƙofar Rabin ya ƙare yana neman a karɓe shi. A tsarin karma, yafiyar wanda aka zalunta lada ce gare shi shi kaɗai, ba ta goge wa azzalumin komai. Bahaushe ya kuma san wani abu mai kama da dawowa, wato camfin ɗan wabi, yaron da ake cewa yana mutuwa yana komowa, har ake raɗa masa suna irin Ajuji ko Ayashe don a kunyata shi ya zauna. Sai dai ba a taɓa cewa wabi hukuncin laifin yaron ba ne. Sakayya tana gefe, dawowa tana gefe, al'adarmu ba ta ɗaura musu aure ba. Karma ita ce auren.

Hujjar shuka da girbi

Ayar da malamin ya dogara da ita tana cikin Wasiƙar Bulus zuwa ga Galatiyawa, sura ta 6, aya ta 7 zuwa ta 9. Na koma na karanta ta a fassarar Larabci da ta Hausa. Abu uku ne suka hana ta ɗaukar nauyin da ya ɗora mata. Ta buɗe ne da gargaɗin cewa Allah ba abin yi wa ba'a ba ne, wato girbin hukunci ne na Mai hukunci. Sannan girbin da ta ambata halaka ce ko rai madawwami, wato makoma ta ƙarshe, ba ruɓewar gero a damina ba. Na uku, wanda ya fi muhimmanci, wasiƙar Galatiyawa ita ce inda Bulus ya fi zafafawa a kan cewa mutum ba ya samun karɓuwa a wurin Allah da ayyukan shari'a. Ɗauko jimla ɗaya daga ƙarshen wasiƙa a kafa hujja da ita a kan abin da wasiƙar ta zo rushewa, mu ɗaliban usulu mun san sunan wannan kuskure, kuma ba ma yarda a yi mana shi a Alƙur'ani.

Jimlar da ta fi kowace kama da karma a cikin Littafin nasu tana cikin Littafin Ayuba, sura ta 4, inda aka ce masu noma mugunta ita suke girba, aka kuma ƙalubalanci Ayuba ya nuna marar laifin da ya taɓa halaka. To amma wa ya faɗe ta? Elifaz ne, ɗaya daga abokai ukun da suka zo yi wa Ayuba jaje suka ɓuge da tuhumarsa. A sura ta 42 Allah ya yi fushi da Elifaz da abokansa biyu saboda ba su faɗi gaskiya game da Shi ba, aka umarce su su nemi Ayuba ya yi musu addu'a. Littafin gaba ɗayansa shari'a ce aka yi wa ra'ayin cewa wahala shaidar laifi ce, kuma ra'ayin ya faɗi.

A Linjila kuwa an yi wa Almasihu tambayar kai tsaye. A Bisharar Yahaya, sura ta 9, almajirai sun ga mutumin da aka haifa makaho, suka tambaya ko shi ne ya yi zunubi ko iyayensa. 'Yan Tiyosofi sun daɗe suna murna da wannan tambaya, suna cewa ba yadda wanda aka haifa makaho zai zama shi ya jawo wa kansa sai in ya taɓa rayuwa. Ko da an sallama musu cewa almajiran sun yi wannan tunani, hujja tana cikin amsa ne, amsar kuwa ta kore duka biyun. A Luka, sura ta 13, an ba shi labarin Galilawan da Bilatus ya kashe, shi kuma ya ƙara da mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa, ya musanta cewa sun fi sauran mutane laifi, ya juya gargaɗin tuba a kan masu ba da labarin. Da a zauren Gaya aka yi wannan hira, da saurayin mai waya aka fuskanta. A Matiyu, sura ta 5, an kafa hujjar son maƙiyi da cewa rana da ruwan sama ba sa tantance gonar mai kirki da ta mugu. Wanda ya yi noma a Ajingi ya san haka ba sai an karanta masa ba.

Batun dawowa kuwa gajere ne. Wasiƙar Ibraniyawa, sura ta 9, aya ta 27, ta ƙayyade mutuwa sau ɗaya, bayanta hukunci. Masu cewa Yahaya Mai Baftisma shi ne Iliya da ya dawo sun manta cewa a Bisharar Yahaya an tambaye shi ya ce ba shi ba ne, Luka kuma ya fassara alaƙar da kamanceceniya ta ruhi da ƙarfi. Ra'ayin da ake jingina wa Orijanus na Iskandariyya, cewa rayuka sun wanzu kafin jikuna, an la'ance shi a Kustantiniyya a ƙarni na 6. Littafin aƙidar Katolika na 1992 ya kore sake haihuwa bayan mutuwa da lafazi bayyananne.

Alheri, inda ƙafa take zamewa

A ganina babban dalilin da ya sa Bahaushe Kirista mai ilimi zai iya jin cewa karma ba baƙuwa ba ce gare shi yana cikin fassara. Ginshiƙin aƙidar Bulus kalma ce ta Girkanci, haris, wadda take nufin kyautar da ba a cancanta ba. Fassarar Larabci ta ce ni'ima. Littafi Mai Tsarki na Hausa da aka buga a 1932, wanda Dokta Walter Miller na mishan ɗin CMS a Zariya ya kasance jigo a aikinsa, ya zaɓi alheri, fassarorin da suka biyo baya ma ba su sauya ba. Kalma ce mai daɗi, daga alhairu na Larabci. Sai dai ta shigo coci ɗauke da karin maganarta. Bahaushe ya ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Ya ce alheri gadon barci ne. A kunnensa alheri abu ne da mutum yake yi ya ajiye, wata rana ya tsince shi a gaba, kamar gudummawar biki. Ma'anar da ake nufi a coci kishiyar wannan ce: abin da ya sauko daga sama ga wanda bai ajiye komai ba. Kalma ɗaya tana ja gabas, aƙida tana ja yamma, mai sauraro kuwa ya fi saba wa karin magana fiye da littafin tauhidi.

Misalan Linjila a nan ba sa karɓar tawili. A Matiyu, sura ta 20, mai gona ya ɗauki 'yan ƙodago, wasu tun asuba, wasu da la'asar sakaliya, ya biya kowa dinari guda, ya kuma tsawata wa waɗanda suka yi gunaguni. A kai wannan labari gonar wani a Toranke a ga ko 'yan ƙodagon safe za su yarda. An gina misalin ne da gangan don ya saɓa wa lissafi. A Luka, sura ta 23, ɗan fashin da ya amsa da bakinsa cewa hukuncinsa daidai yake da aikinsa, an yi masa alkawarin Firdausi a ranar, ba tare da ya samu zarafin aikata komai ba. Tarihin coci ma ya bi wannan layi. Lokacin da Pelajiyus ya koyar da cewa mutum yana iya cika umarnin Allah da ƙoƙarin kansa, Agustin ya yaƙe shi, majalisar Kartaj ta 418 ta yi watsi da ra'ayinsa. Rikicin Martin Luta da Roma daga 1517 a kan wannan mas'ala ya ta'allaƙa, kuma majalisar Tirent ta Katolika, duk da ta tabbatar da ladan ayyuka a 1547, ta yarda cewa farkon karɓuwa kyauta ce. Cocin ECWA, wadda ta fito daga mishan ɗin SIM a 1954, kuma take da mabiya da yawa a cikin Hausawa Kiristoci, tana ɓangaren da ya fi tsanantawa a kan haka.

Bayan wannan akwai aƙidar fansa, cewa wani ya ɗauki hukuncin wasu, da aƙidar zunubin asali, cewa an gaji nauyin laifin Adamu. Duka biyun sun karya dokar farko ta karma, cewa abin da ya same ka naka ne. A nan akwai abin mamaki da ya kamata mu faɗa: a wannan gaɓa guda Musulmi ya fi Kirista kusa da Bahinde, domin Alƙur'ani ya maimaita a Suratul An'am da Faɗir da Najmi cewa ba mai ɗaukar nauyin wani, kuma a kan haka ne muka saɓa da su game da gicciye. Amma kusancin bai wuce nan ba. Suratul Muminun ta rufe ƙofar komowa duniya, tuba tana shafe abin da ya gabace ta, kuma hadisin Abu Huraira da Buhari da Muslim suka ruwaito ya nuna cewa aiki shi kaɗai ba ya shigar da kowa Aljanna sai da rahama.

Inda da'awar take da ƙamshin gaskiya

Adalci ya wajabta a ambaci abin da ke taimakon malamin. Littafin Karin Magana na cikin Tsohon Alkawari cike yake da alkawarin cewa mai gaskiya zai wadata, mugu ya faɗa ramin da ya haƙa, kamar dai yadda muke gargaɗin mai gina ramin mugunta. A Yahaya, sura ta 5, an gargaɗi wanda aka warkar kada ya koma zunubi wani abu mafi muni ya same shi. Matiyu 25 da Romawa 2 da Wasiƙar Yakubu duk sun tabbatar da hukunci bisa ayyuka. Saboda haka Kiristanci bai ce aiki ba shi da sakamako ba. Abin da ya hana shi ne karanta lissafin daga baya zuwa gaba, wato a ga masifa a yanke cewa akwai laifi. Wannan karatun na baya kuwa shi ne amfanin karma gaba ɗaya.

Haka nan marubutan Kirista da suke cewa addinin Hindu bai san kyauta daga sama ba sun yi gaggawa. Mabiya Ramanuja a kudancin Indiya sun rabu gida biyu a kan wannan mas'ala: wasu suka ce bawa kamar ɗan biri yake, uwa tana ɗauke da shi amma sai ya riƙe ta, wasu suka ce kamar ɗan kyanwa yake, uwa ce take ɗaukarsa da baki ba ya yin komai. Wanda ya san saɓanin Agustin da Pelajiyus, ko na Ash'ariyya da Mu'utazila, zai ji muryar da ya sani.

Sannan akwai tazara tsakanin littafi da mutane. Binciken cibiyar Pew na 2009 ya samu kashi 22 cikin 100 na Kiristocin Amurka sun yarda da sake haihuwa. A Nijeriya kuwa ba ta wannan ƙofa tunanin ya shiga ba, ya shiga ne ta wa'azin wadata, wanda Oral Roberts ya yaɗa a Amurka da sunan shuka iri na bangaskiya, ya kuma samu karɓuwa a nan ta hannun masu wa'azi irin su Benson Idahosa na Benin, wanda ya rasu a 1998. A wannan koyarwa baiko iri ne, arziki da lafiya girbi ne, ayar Galatiyawa kuma tana yawan fitowa. In an bi ta zuwa ƙarshenta, talaka da majiyyaci su ne waɗanda ba su shuka ba. Malaman Kirista da kansu sun yi mata raddi, ciki har da kwamitin tauhidi na ƙungiyar Lausanne da ya zauna a Akropong ta ƙasar Gana a 2008 da 2009. Idan akwai wata karma a cikin coci a yau, to a nan take, kuma masu gidan sun riga mu ganin ta.

Kada mu yi saurin nuna yatsa. Mu ma muna da ƙa'idar cewa sakamako daga jinsin aiki yake, muna da ayar Suratus Shura da ta danganta masifa da abin da hannaye suka aikata, ko da yake ta ƙare da ambaton yawan afuwa. Sau nawa muka ji mai wa'azi ya tsaya a rabin farko, ya bayyana wa mutanen da ruwa ya ci gidajensu zunubin da ya jawo musu, alhali bai san su ba? Malamanmu sun bambanta uƙuba da ibtila'i da istidraji, suka ce dukiyar fajiri tana iya zama tarko, ciwon salihi ya zama ɗaukaka, kuma hadisin Sa'ad ɗan Abi Waƙƙas da Tirmizi ya ruwaito ya sanya annabawa a sahun gaba na masu shan jarrabawa. Mutum yana da damar ya tuhumi kansa idan abu ya same shi. Ba shi da wannan dama a kan maƙwabcinsa.

Tarihin Kano ma yana da abin cewa. Turawan mulki sun daɗe suna taƙaita aikin mishan a masarautun Musulmi, kuma babbar ƙofar da ta buɗe wa SIM a ƙarshen shekarun 1930 ita ce kula da kutare, a Yadakunya kusa da Kano, da Babbar Ruga a Katsina, da Amanawa a Sakkwato. Ba na jahiltar cewa akwai manufar juyar da mutane a cikin aikin, kuma malamanmu sun yi magana a kan haka. Amma wanda ya yi imani cewa kuturu yana biyan bashin da ya ci ne, ba zai gina aƙidarsa a kan wanke masa gyambo ba. A Indiya ma wannan gaɓa ce ta fi zafi: Ambedkar, jagoran jinsin da ake ƙyamar taɓawa, ya soki amfani da karma wajen halatta ƙasƙancin haihuwa, ya fice daga addinin Hindu a 1956 tare da dubun dubatar mabiyansa.

Bayan wasu makonni na sake haɗuwa da malamin a tashar motar Gaya, na faɗa masa abin da na gani a Galatiyawa da Ayuba. Ya ce, "Malam, duk na san waɗannan, tun muna makarantar Lahadi. Bakina ne ya riga ni." Na tambaye shi ko akwai wata kalmar Hausa da za ta fi alheri dacewa da abin da Bulus yake nufi. Ya ambaci baiwa, ya ce ta fi karkata ga hazaƙa. Ya ambaci falala da ni'ima, ya ce jama'arsu za su ji su kamar daga bakin limami suka fito. Ya ce zai kai tambayar ga fastonsu, motar Wudil kuma ta cika, ya shiga.